Leshin Naja'atu da Kaftanin Bilya

Akwai wata mata mai suna Saude, ma'aikaciya a wani ƙaramin asibiti da ke Tarauni. A ɗakin gashin ƙashi na mata take, inda ake koya wa masu shanyewar ɓarin jiki yadda za su sake miƙewa su taka.

Aiki ne na ƙarfi. Ki durƙusa, ki ɗaga, ki tallafo macen da ta fi ki nauyi, gumi na bin bayanki. Saude ta daɗe a cikinsa har gwiwarta ta fara ba ta wahala. Zuciyarta fes take, amma bakinta kam sai dai a yi haƙuri.

Wata rana aka kawo sabuwar mataimakiya da za a gwada kafin a ɗauke ta. Naja'atu sunanta, doguwa, mai sanyin magana. Mataimaka ba su da yunifom a wurin, kowa kayanta take sawa. Ita kuwa sai ga ta cikin leshi mai duwatsu, da gyale shara-shara mai santsi, da takalmi mai tudu.

Saude ta kalle ta daga sama har ƙasa, ta juya ta tambayi sauran ko yau ne ɗaurin auren ba a sanar da ita ba. Aka kwashe da dariya. Nan take suna ya bi ta: Amarya.

Washegari ma wani leshin ne, haka kullum. Tana da hannun aiki, tana da haƙuri da tsofaffi, amma rabin hankalinta na kan gyalen da ke zamewa. In ta durƙusa siket ya ɗaure ta, in ta ɗaga hannu riga ta riƙe ta.

Ranar da abin ya faru, tana riƙe da wata dattijuwa tana koya mata taku, sai ɗan matar ya yi sallama ya shigo da abinci. Daidai lokacin gyalen ya sulale daga kafaɗarta. Kunya ta sa ta saki hannu ɗaya don ta cafke shi, tsohuwa ta tafi luu. Ba don Saude ta yi wuf ta tare ta ba, da ta sha ƙasa. Duk da haka duwatsun leshin sun karce wa tsohuwar fatar hannu har jini ya fito.

Sista Saratu, shugabar ɗakin, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Naja'atu in aka sake ganinta cikin kayan da za su jefa marar lafiya a haɗari, to gwajinta ya ƙare.

Saude ce ta ɗora da nata. "Nan ba gidan biki ba ne, Amarya. In gayu kika zo yi, ƙofa a buɗe take."

Naja'atu ta sunkuyar da kai.

Da aka tashi, Saude na cikin Adaidaita Sahu sai ta hango ta a gefen titi tana tafiya da ƙafa, ta nufi Gyadi-Gyadi, tana ɗingishi saboda takalmin ya ci mata diddige. Saude ta sa direba ya tsaya, ta matsa mata wuri.

A hanya ta ji abin da ba ta taɓa tambaya ba. Mijin Naja'atu, Bilya, ya rasu, ba ta daɗe da fita takaba ba. Tana zaune da yaranta biyu da uwar mijinta, kuma wannan aikin ne kaɗai abin da suke sa rai da shi. Kayan zaman gidanta duk sun ƙoɗe. Abin da ya rage mata mai kyan gani shi ne sauran kayan lefenta.

"Anti Saude, wallahi ba gayu ba ne," ta ce a hankali. "Tsoro nake kar in zo da tsumma a raina ni."

Kunya ta lulluɓe Saude, ta rasa inda za ta sa kanta. Matar da ta gama takaba jiya-jiya, ita ta yi ta kira Amarya a gaban mutane. Ta kama hannunta ta roƙi gafara, ta kuma ce ba za ta wuce gida ba sai ta shiga ta gaida tsohuwa.

Iyatu, mahaifiyar Bilya, ta shimfiɗa musu tabarma. Saude ta fara da cewa za ta kawo nata kayan, sai suka kalli juna suka yi dariya, domin ita gajera ce mai jiki, rigarta ko ƙugun Naja'atu ba za ta rufe ba.

Sai Saude ta shiga lissafa irin kayan da aikin ke so. Yadi mai ƙwari da ke shan gumi, wanda zai jure wanki kullum ba ya zuba. Launi mai ɗan duhu. Riga ta wuce gwiwa, mai sakin hammata, da aljihu. Wando mai faɗi. Hijabi ɗan daidai wanda zai zauna da kansa, ba sai an riƙe shi ba. Takalmi rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa.

Iyatu na saurare. Can ta miƙe ta shiga ɗaki, ta daɗe, sannan ta fito rungume da wata jaka. Kaftanin Bilya ne guda biyu da wandunansu, ɗaya ruwan toka, ɗaya shuɗi mai duhu. Lokacin da aka raba kayansa, su ta roƙa a bar mata.

"Duba min, 'yar nan," ta ce wa Saude. "Irin wannan kike nufi?"

Saude ta damƙe yadin a tafin hannu ta saki, bai yamutse ba. Ta ɗaga shi a hasken rana, ba a hango komai ta ciki. Ta ja ɗinkin, ko gezau. Ta ce a kasuwar yadi ta Kwari ma sai an tona kafin a sami irinsa.

Naja'atu ta fashe da kuka, ta ce ba za ta iya raba Inna da su ba, kuma ai kayan maza ne. Saude ta ce wannan aikin tela ne, za a mayar da shi ɗinkin mata tsaf. Iyatu kuwa tura mata jakar kawai ta yi.

Wata tela a kasuwar Tarauni suka kai wa. Ta rage kafaɗa, ta sake wuyan, ta buɗe hammata, ta bi bakin hannu da siririn zare mai haske, aljihun kuma ta bar su yadda suke. Hijabi da takalmi Saude ce ta kawo, ta ce kar wanda ya yi mata godiya.

Ranar da Naja'atu ta shigo cikin ruwan tokar nan, kowa ta juyo tana kallonta. Ta yi kyau irin na mai aiki, tsaf da ita. Ta durƙusa ba abin da ya ɗaure ta, ta tallafi tsofaffi da hannu biyu. Da ta lura Saude na cije leɓe in za ta sunkuya, sai ta karɓe duk wani aikin durƙuso ba tare da ta ce komai ba. Gwiwar Saude ta samu hutun da ta daɗe tana nema.

Da gwaji ya ƙare, Sista Saratu ta kira ta ta ce an ɗauke ta. Saude ta rako ta har Gyadi-Gyadi don su yi wa tsohuwa albishir tare.

Iyatu ta saurara har suka gama. Ta jawo Naja'atu kusa, ta shafa hannun rigar, hawaye na zuba, tana murmushi.

"Kullum da safe ina leƙenta ta taga in za ta fita," ta ce wa Saude. "Na ɗauka rigar nan ta gama fita nema. Ashe da sauranta, har yanzu ita ke ciyar da 'ya'yansa."

Darasi: Kada ki yanke wa mace hukunci da kayan jikinta kafin ki ji abin da ke gidanta, tambaya ɗaya cikin tausayi ta fi dariyar taro. Ke kuma mai aikin ƙarfi, zaɓi suturar da za ta rufe ki, ta sakar miki hannu, ta jure wanki, wannan shi ne adonki. Ku tura wa 'yan'uwa mata masu fita nema, wataƙila wata na buƙatar jin wannan yau.