Ɗakin Sharar Lantana

Ku matso ku ji wannan, sai ku raba mini gardama.

A Kaduna an yi wata mai zane, Lantana, da ta gina ɗaki guda da abin da mutane suka saya suka yar: robobin lemo, ledoji, matattun wayoyin lantarki, takalma wari-wari. In ka shiga ka kai ƙurya, sai ka yi karo da madubi, ka ga kanka tsamo-tsamo cikin sharar. Nufinta mutum ya fito yana jin kunyar saye-sayensa.

Yayanta Tanimu, ɗan gwangwan mai saye da sayar da tsofaffin ƙarafa, shi ya bi bola-bola ya tara mata kayan, har kwalba ta tsarge masa ƙafa.

Ran da masu kwasar shara suka zo da mota za su kwashe ɗakin, don su a ganinsu juji ne, ƙawarta Kyauta ce ta tsaya gaban motar ta ƙi gusawa. Ita ta samo wa ɗakin wuri a harabar wani katafaren kanti, aka sake haɗa shi a can.

Shi kuwa Shekarau mai ɗaukar hoto, shi ya yaɗa hotunan, har wasu masu baje kolin zane a Dakar suka gani, suka gayyaci Lantana.

Sai dai fa ta fara lura da wasu abubuwa. Wayoyin da ke jikin bangon ɗakin suna ta raguwa, ga jan ƙarfe irin na cikin waya a shagon Tanimu. Ya ce, "Haba ƙanwata, ni zan ci amanarki?" Masu kallo kuma daga ɗakin sai cikin kanti, su fito niƙi-niƙi da ledoji, aka kuma ga Kyauta a motar mai kantin. Ta ce rage mata hanya ya yi. Ana nan sai ga hoton ɗakin a allon tallan wani kamfanin lemo, an rubuta "Sha ka ƙara". Shekarau ya rantse sace hoton aka yi.

Babu wanda ta kama dumu-dumu, babu kuma wanda zuciyarta ta wanke. Ga shi ɗakin ba ya ɗaukuwa zuwa Dakar, dole ta bar mabuɗinsa hannun mutum ɗaya kafin ta dawo.

To jama'a, in ku ne Lantana, wa za ku damƙa wa mabuɗin nan?