Cindo Ya Nome Gonar Ƙaninsa

Ku matso, manya da ku. Gemu bai hana jin tatsuniya. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wani tsoho ne da 'ya'ya biyu, Cindo babba, Nomau ƙarami. Tsohon yana da fadama ɗaya tak, mai yin rake da albasa. Sai ya ce, "Ba zan raba ta ba. Wanda ya fi dammunan gero bana, tasa ce."

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro. Gonakinsu manne da juna, layin gamba ne kawai tsakani. Shi Nomau, da an yi isha'i sai tabarma. Rana ta take, sai ya jingine hauya ya miƙe gindin tsamiya. Amma in ya tashi, kunya uku yake nomewa kafin Cindo ya kai ƙarshen ɗaya.

Abin ya tsaya wa Cindo a wuya. Ya ce, "Kai, wane malami ya ba ka laya?"

Nomau ya ce, "Babu laya, Yaya. Barci nake yi."

"Barci! Ni za ka raina wa hankali? Ni da na goya ka?"

Sai Cindo ya ce a ransa, in shi rana yake da ita, ni ina da rana da dare. Ya cika aljihu da goro, ga farin wata, ya saɓa hauya.

Daren farko ya yi noma har asuba, ya zarce da na safe. Nomau ya ce, "Yaya, idonka ya yi ja."

Ya ce, "Idonka ne?"

Dare na biyu sai ya sari yatsan ƙafarsa. Ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba. Da rana Nomau ya leƙo ta kan gamba. "Yaya, geron kake sarewa, kana barin ciyawa."

"Gonarka ce? Koma ka yi minsharinka."

Dare na uku kansa ya fara juyawa, wata ya zame masa biyu. Sai ya tsallake gamba bai sani ba. Ya duƙa, ya yi ta noma, yana ta dariya shi kaɗai, yana cewa, "Gobe mai barci zai sha mamaki." Bai ɗago ba sai da ya share rabin gonar ƙaninsa tas. Nan ya kife a cikin kwari.

Da safe Nomau ya tarar da rabin gonarsa fes, ga yayansa kwance, tururuwa na bin kunnensa. Ya saɓa shi a kafaɗa ya kai gida. Zazzaɓi ya rufe Cindo, kwana tara bai san inda yake ba. Nomau yakan kai masa kunu, amma gonar yayan ko kallo bai yi mata ba. Ciyawa ta shaƙe geron.

Da kaka Nomau ya ɗaure dami saba'in, Cindo goma sha biyu. Suka gurfana gaban tsoho.

Cindo ya ce, "Baba, gumina ne a cikin geron nan. Rabinsa nawa ne."

Nomau ya ce, "Wa ya aike ka, Yaya? Don ka kayar da ni ka fita."

"Ina kwance, ka bar gonata ta mutu!"

"Ka ce ba tawa ba ce."

Tsoho ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya rasa wanda zai ba fadamar.

Kurunkus, kan kusu ya faɗa rami. Jiki ba ƙarfe ba ne, hauyar ma jingine ta ake yi. Wanda hassada ta hana barci, wani yake wa aiki. To, ku da kuke ce mini kun waye, fadamar nan ta wa ce? Ku yanke, ina jin ku.