Burgu Mai Ƙofa Tara

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunne na nan.

Burgu matsoraci ne, har ƙofa tara ya yi wa raminsa don gudu. Wata rana Guza ya zare masa ido, ko taɓa shi bai yi ba, sai Burgu ya nuna masa inda Zabuwa ta ɓoye ƙwanta. Guza ya shanye rabi. Tun daga ranar ba mai amsa gaisuwar Burgu.

Da rani mafarauta suka cinna wa daji wuta. Burgu har ya tsere, sai ya jiyo kukan 'ya'yan Zabuwa. Ya komo wurin Zabuwa ya ce:

"Yaya, ku biyo ni cikin rami."

Zabuwa ta ce, "Wurin Guza?"

"Ƙofa ta tara, bakin rafi. Yi sauri, tsoro nake ji."

Suka fita lafiya, aka naɗa shi Sarkin Gudu.

Ya ce, "Yaya, kin yafe mini?"

"Na yafe."

"To, bana a ina za ki yi ƙwai?"

Ta ce, "Ƙanena, yafiya daban, ƙwai daban."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ba don Gizo ba da na ce a gabana aka yi.