Akuyar da Nomau Ya Ja Har Ƙarshen Yaƙi

An yi wani mutum a wani gari can arewa, wani bawan Allah da ake ce wa Nomau. Ku saurara da kyau, don wadda ta ba ni labarin nan maƙwabciyar ƙanwarsa ce, kuma ba ta ƙarya sai in ta ga babu mai gyara mata. Manomi ne, mai sanyin magana, irin mutanen nan da in ka taka masu ƙafa su ne za su ce maka sannu. Da yaƙin basasa ya tashi aka zo neman samari, ya bi sahu. Aka aske masa kai, aka ba shi kaki da bindiga da takalmin da ya fi ƙafarsa, aka jefa shi cikin wata bataliya ta masu yaƙi a ƙafa.

Bataliyar nan ta ga duniya. Jirgin ƙasa ya kai su inda aka tumɓuke dogo, manyan motoci suka kai su inda aka karya gada, daga nan kuma sai ƙafa. Suka ci wani garin kasuwa, suka ci wani mai tashar jirgi, suka nausa kurmi inda rana ba ta taɓa ƙasa.

A wani ƙauye na cikin kurmin nan abin ya faru. Mutane duk sun gudu. Nomau ya tura ƙofar wani ɗaki, sai ga tsohuwa tsaye tana rawar jiki, riƙe da akuya, 'yar baƙa gajeriya irin ta can, ƙafafu kamar na kujerar tsakar gida. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Ta kama hannunsa ta sa masa igiyar akuyar, ta dunƙule masa yatsu a kai, tana magana tana hawaye. Shi kuwa sai ya ce, "To, Iya. Na ji. Allah ya ba ni iko."

Me ya ji? Ku tsaya ku ji me ya ji. A garinsu Nomau, in an ba ka dabba kyauta, ko ka saya, mai ita kwance igiyarsa yake yi ya riƙe, kai ka nemo taka. In kuwa aka miƙo maka dabba da igiyarta, to ajiya ce, mai ita zai dawo. Ga akuya, ga igiya. A wurin Nomau magana ta ƙare: an ba shi amana.

Sajansu, Saje Makau, wani ƙato ne mai layu a damtse da ƙugu da wuya, in yana gudu ka ce buhun gyaɗa ake girgizawa. Da ya ga akuya sai ya washe baki. "Kai Nomau, ashe kana da amfani! A hura wuta."

"Yallaɓai, ba tawa ba ce. Ajiya ce."

"Ajiyar uban wa? A bakin daga?"

"Da igiya ta ba ni, Yallaɓai."

Ranar nan ya sha gwale-gwale, tsallen kwaɗo da bindiga a ka har ƙafafunsa suka daina jin magana. Amma lokacin abinci na zuwa a kan kari, ga kajin mutane ko'ina ana kamawa, sai aka bar masa abarsa ana dariya.

To fa. Daga nan duk inda bataliya ta sa ƙafa, akuya na biye. Kuma kada ku ɗauka akuyar kirki ce. Ta cinye hular wani kofur. Ta ci sabulun Kyaftin ɗinsu. Ranar da aka yi kwanton ɓauna, kowa ya haɗiye numfashi, ita ta ga lokacin kuka ya yi, sai da Nomau ya cire safarsa ya ɗaure mata baki. Ranar da za su ƙetare babban kogi, aka buɗe masu wuta daga wancan gefe, kwale-kwale suka yi ta kifewa, maza da yawa ba su fito ba. Nomau ya fito, akuya saɓe a wuya, bindiga a hannu, ruwa ya tafi da takalmi. Bataliya ta ja da baya, aka haɗa ragowarta da wata, aka canja masu babban kwamanda, aka kawo sababbin kurata. Waɗanda suka shiga tare da shi suka zama kofur, wani har saje. Shi duk lokacin da sunansa ya taso sai a ce, "Wane? Mai akuya?" a wuce. Ni kaina da ina wurin da na finciki igiyar nan na zabga masa. Haba! Mutane na mutuwa kai kana yankan ciyawa!

Sai damina ta kama su a ramuka cikin dajin kwakwa, abokan gaba suka yanke hanyar da abinci ke zuwa. Garin kwaki ya ƙare, gishiri ya ƙare. Maza suka soma kallon akuyar nan yadda mai azumi ke kallon randa da la'asar. Wata safiya Saje Makau ya zo da wuƙa, sojoji na biye, har Kyaftin ya fito daga raminsa.

Kyaftin ya ce, "Nomau, yarana na jin yunwa."

"Na sani, Yallaɓai. Ni ma ina ji."

"To ba da ita."

"Da tawa ce, Yallaɓai, wallahi da an cinye tun tuni. Ba zan iya ba da abin da ba nawa ba. In za ku ƙwace, kun fi ni ƙarfi, ba zan yi kokawa da kowa ba. Amma duk wanda ya ci ya san amana ya ci."

Ku saurara nan. Malamin da ya ɗinka wa Saje layunsa ya ja masa kunne cewa ranar da ya ci amana, ranar suka tashi aiki. Kuma ba shi kaɗai ba, rabin sojojin nan kowa da abin da ya ɗaura a ƙugu. Kajin da suka kama a baya sun ce ganima ce. Wannan kuwa, ga mutum tsaye yana rantsuwa ajiya ce, ga igwa tana faɗuwa safe da yamma. Saje ya miƙa wa wani kofur wuƙa, kofur ya ce hannunsa na ciwo. Ya miƙa wa wani, wannan ya ce ba shi da alwala. Wai alwala! Mutumin da rabonsa da salla tun a bariki.

Kyaftin ya fusata. Ya ce, "Tunda ka hana mu nama, kai za ka ciyar da mu. Ga gonar rogo can tsakaninmu da su. Ko rogo, ko akuya."

Nomau ya ɗauki buhu ya ja ciki. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana tono da wuƙar bindiga, harsashi na wucewa ta kansa. Wata rana wani harsashi ya tafi masa da rabin kunne. Ya dawo jini har ƙirji, ya aje buhu, abin da ya fara tambaya shi ne an ba akuya ruwa? Rogon nan suka yi ta ci har aka buɗe hanya.

Da yaƙi ya ƙare aka ɗora bataliya a motoci za a kai su babban fareti a rataya masu lambobi. A wata mararraba Nomau ya buga jikin mota ya ce a sauke shi, zai mayar wa tsohuwa ajiyarta. Kyaftin ya dube shi ya dubi sama, ya haɗa shi da Kofur Istifanus, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a can kafin yaƙi yana jin yaren mutanen wurin. Istifanus bai daina mita ba har suka isa. "Ni me na yi wa Allah? Kowa zai karɓi lamba, ni an sa ni rakiyar akuya!"

Ƙauye ya zama kango, ciyawa har cikin ɗakuna. Amma tsohuwa na nan, zaune da jikokinta, cikinsu ya kumbura, gashin kansu ya yi ja. Babu kaza, babu ko kare a garin. Nomau ya durƙusa ya sa mata igiya a hannu. "Iya, ga ajiyarki."

Ta dubi akuya, ta dube shi, ta yi magana mai tsawo. Istifanus ya fara dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

"Me ta ce?"

"Ta ce wace ajiya? Ba ka ta yi ka tafi ka ci, don kada ka leƙa ƙarƙashin gado. Yaran nan ne a ɓoye a wurin."

"Da igiya fa ta ba ni."

"Su nan ba su san wannan ba, malam! Kunnenka ya tafi a banza!"

Nomau ya shafa guntun kunnen. Can ya ce, "Ashe tsoro ne ya sa ta ba ni. To ai ka ga, da ma ba ta halatta gare ni ba. Gaya mata ta riƙe abarta."

Tsohuwa ta jawo akuya ta lalube haƙarƙarinta, ta buɗe bakinta ta duba, ta sake magana. Istifanus ya ce, "Wai ta rame." Kun ji fa! Wai ta rame! Bawan Allah nan kuma sai ya ce a ba ta haƙuri, abinci ne ya yi wuya. Amma ta rungume wuyan akuyar nan ba ta saki ba, yara sun kewaye ta, har su Nomau suka ɓace a hanya.

To jama'a, amana ana riƙe ta ne don Allah, ko mai ita bai san ya ba ka ba, ko bai gode ba. Kuma abin da aka ba ka don tsoro ko don kunya ba kyauta ba ne, ƙwace ne da murmushi. Kada ku yi ta gyaɗa mini kai kamar da wasu nake. Ke da kika shiga ɗakin matar ɗanki kika yi ta shafa atamfarta kina "kai, wannan ta yi kyau", har yarinya ta ce, "Ɗauki mana, Inna," muryarta na rawa, kin san ba da zuciya ɗaya ta faɗa ba. Ban kama suna ba. Amma ga ta nan a jikinki, kowa ya gani. Ki wanke, ki ninke, ki mayar kafin Juma'a. Allah ya sa mu cika da amana, ya raba mu da cin abin da ba namu ba.