Lallen Jajibirin Zaɓe

Akwai wani mutum a ƙasar Tsafe mai suna Mas'udu, irin 'yan siyasar nan da ba su taɓa tsayawa takara ba amma kullum suna gindin mai takara. Aikinsa shi ne ya san wace rumfar zaɓe ce ta maigidansa, wace ce kuma ba tasa ba. Yana da wayo, kuma ya san yana da shi, abin da ya lalata shi ke nan.

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan bindiga sun tashi wani ƙauye mai suna Gidan Yelwa, can bayan 'Yandoto. An kashe maza da yawa, sauran suka bazu Gusau neman abinci. Matan suka taru a wani kango cikin garin Tsafe.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Tambaya, wadda aka binne mijinta da ɗanta rana guda. Da za ta gudu ko tukunya ba ta ɗauka ba, amma katin zaɓenta yana ƙulle a haɓar zaninta.

Ɗan majalisar yankin, maigidan Mas'udu, bai taɓa leƙo su ko da ta'aziyya ba. Shi ya sa kullum Inna take ɗaga babban yatsanta tana ce wa ɗiyarta Bara'atu, "Ba ni da bindiga, ba ni da ɗa namiji. Wanga yatsa kaɗai ya rage min, kuma da shi zan ba shi amsa."

Haka duk matan kangon suke faɗa, su fiye da ɗari. Maganar ta kai kunnen Mas'udu.

Wani daga cikin mutanen maigidan ya ce a tura 'yan daba su tarwatsa rumfar. Mas'udu ya yi dariya ya ce, "Ku bar min su. Ko tsinke ba za a ɗaga ba."

Ana gobe zaɓe, sai ga mota a ƙofar kangon da tukwanen shinkafa da mata masu ƙunshi daga Gusau. Aka ce wani bawan Allah ne ya shirya wa mata walima don a share musu hawaye.

Jama'a, nan ne zuciyata take ƙuna. Matan nan tun da suka fita takaba babu wadda ta ga lalle a hannunta. Wasu har kuka suka yi don murna. Ba su san an ja wa masu ƙunshin kunne ba, cewa su lafta shi har kan yatsu, su maimaita sau biyu sai ya yi baƙi ƙirin.

Inna ta so ta ƙi, ta ce ta tsufa da kwalliya. Bara'atu ce ta lallashe ta. "Haba Inna, yaushe rabon da mu yi dariya? Ki miƙo hannu."

Ta miƙa.

Saboda ƙauyensu ba ya shiguwa, an mayar da rumfarsu wata makarantar firamare a 'Yandoto. Direban da ya kwaso su ranar zaɓe ya faɗa musu tun da safe cewa ana kiran la'asar zai juya, don ba mai bin hanyar nan da yamma.

Mace ta farko ta ɗora yatsa a kan na'urar tantancewa, na'ura ta ƙi. Ta biyu ma haka. Malamin zaɓe ya koma gwada fuska, to amma hotunan katin na lokacin da ake ƙoshi ne, yanzu kuwa yunwa da zaman makoki sun zuge fuskokin. Duk wadda na'ura ta yi jinkiri a kanta sai Mas'udu, wanda yake wakilin jam'iyyarsu a rumfar, ya miƙe ya ta da gardama, layi ya tsaya cak.

Sai a lokacin matan suka gane. Suka duƙa suna dirje yatsu da yashi da toka. Inna Tambaya ta sami dutse ta yi ta goga yatsanta har ya yi jini, lallen yana nan.

Aka kira la'asar, direba ya danna oda. Waɗanda suka samu suka jefa ƙuri'a ba su kai ashirin ba, kuma babu Inna a ciki.

Za ta hau mota Mas'udu ya matso yana murmushi. "Inna, tubarkalla, lalle ya kama."

Ta dube shi ta ce, "Ya kama, ɗana. Allah na gani."

Maigidansa ya zarce. Hanya ta ci gaba da lalacewa, ƙauyuka suka ci gaba da tashi ɗaya bayan ɗaya. A shekara ta uku abin ya iso ƙauyen su Mas'udu. Aka kashe ƙanensa, aka cinna wa gidansa wuta, katin zaɓensa ya ƙone a ciki. Ya kira maigidan nasa ya fi a ƙirga, ba a ɗauka ba. Kafin ya gama neman inda zai ajiye iyali ya je neman sabon kati, an rufe rajista.

Da zaɓe ya zagayo, rumfar ƙauyensu ma a makarantar nan ta 'Yandoto aka ajiye ta. Mas'udu ya zo da ƙuna a ransa, yana so ya kayar da mutumin da ya yi wa bauta. Ya roƙi malamin zaɓe, ya nuna sunansa a takardar da aka liƙa a bango.

"Malam, ba kati ba zaɓe. Matsa gefe."

Ya koma gindin wata bishiya ya zauna. Can sai wata mata ta fito daga rumfa da tawada a yatsa, ta tsaya a kansa. Bara'atu ce. Ta buɗe masa tafukanta biyu, babu ko ɗigon lalle.

"Ka gane ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gane ki. Ina Inna? Ina son in roƙe ta gafara."

"Tun ranar da kunka yi muna abin nan Inna ba ta ƙara sa lalle ba. Anka yi sunan jikanta, ta ƙi. Anka yi Salla bayan Salla, ta ƙi. Cewa take kada zaɓe ya riske ta da shi ga hannu."

Bara'atu ta kwance haɓar zaninta ta ciro wani kati da ya koɗe.

"Wata biyu ke nan da munka rufe ta, hannunta fes. Ga katinta nan, kai ga yatsa. Ka ga duk ba su da amfani yau."

Mas'udu ya ƙura wa katin ido. Ta mayar da katin ta ƙulle, ta wuce ta hau mota. Shi kuma yana nan zaune har aka kulle akwati.

Darasi: Duk wanda ya toshe wa talaka hanyar akwatin zaɓe, bakinsa ya toshe, domin rana na zuwa da shi ma ƙuri'ar ce kaɗai za ta rage masa. Kuma wani haƙƙin, kafin ka waiwayo neman gafara mai shi ya riga ya kwanta dama. Ku adana katinku, ku yi hattara da kyautar da ba ta zuwa sai ana gobe zaɓe. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman iyayenmu mata na karkara.