Ranar da Barewa Ta Tsaya Bayan Jimina

An yi wata shekara da dajin Tafkin Gawo ya kusa tarwatsewa saboda siyasa. Yawancin mazauna dajin ba su lura ba, suna can suna kiwo.

Barewa dai ta lura, domin matsoraciya ce, kuma tsoro yana sa kunne ya buɗe. Abin da ta fi ƙauna a duniya shi ne wata tsohuwar doka da aka gada tun kaka da kakanni: ba a cin kowa a bakin tafki. Ko'ina cikin dajin ana iya cinye ka, amma in ka sunkuya shan ruwa, ko Zaki sai dai ya yi maka sannu. Wannan dokar ce ta kai Barewa shekarun da ta kai.

Jam'iyyu biyu ne a dajin. Jam'iyyar Ciyawa ta masu ra'ayin mazan jiya ce, waɗanda ke son a bar komai yadda aka same shi, musamman wuyansu. Jam'iyyar Tsoka kuwa ta masu neman sauyi ce, kuma a shekarar ta tsayar da Kura takarar shugaban daji. Kura ta ce dokar tafki ta tsufa, tana buƙatar ɗan gyara. Ba ta faɗi irin gyaran ba, amma tana magana yawu na zuba.

A zaɓen fid da gwani na Jam'iyyar Ciyawa, Gadu, aladen daji, ya kayar da Jimina. Gadu ba ya gaida manya, yana birgima cikin taɓo a gaban baƙi, kuma ko sunan kakansa bai sani ba. Jimina kuwa ta haddace sunan duk shugaban da aka taɓa yi a dajin, kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan. Ta ce ba ita ta bar jam'iyya ba, jam'iyya ce ta bar ta. Ta kafa tata, ta raɗa mata suna Jam'iyyar Tushe.

Barewa ta saurari jawabin Jimina, ya shige ta sosai. Ta je ta gaya wa maƙwabcinta, tsoho Kunkuru, cewa ita bana bayan Jimina za ta tsaya.

"Bayan Jimina?" in ji Kunkuru. "Ke 'yar nan, ubanki a Ciyawa ya rayu, a Ciyawa aka cinye shi. Ni ko kututture jam'iyya ta tsayar, bayansa zan tsaya."

"Ai gara kututturen, Baba. Shi ba ya wari."

"Warin Gadu bai taɓa kashe kowa ba. In kuka raba mu gida biyu, wa kike jin zai ci?"

"Ni aƙida nake bi, ba jam'iyya ba."

"Madalla. Ni in Kura ta zo, cikin ƙoƙon bayana zan shige. Ke cikin aƙidar za ki shige?"

Barewa ta ce tsufa ne ke damunsa, ta yi tafiyarta.

Zaɓen dajin, ƙato bayan ƙato ake yi. Ɗan takara ya tsaya a gaba, magoya bayansa su jeru a bayansa, dattawa su auna tsawon layi da igiya. Ba a ƙirga kawuna, domin an taɓa gwadawa, tururuwa suka lashe. Da zarar an buga ganga, wanda ya fita daga layi ya fita ke nan. Ɗan takarar da ya waiwaya kuma ya faɗi, domin an ce wanda bai yarda da na bayansa ba bai isa ya ja su ba.

Ranar zaɓe Barewa ta shiga layin Jimina kai a sama. Aka buga ganga. Sai a lokacin ta dubi sauran layukan.

Masu cin ciyawa sun rabu, mafi yawa bayan Gadu, saura bayan Jimina, kuma babu layin da ya kai wani abin kirki. Na Kura kuwa ya miƙe har ido ya gaji. Ban da masu farce da haƙora, ta jawo ɓeraye da kwaɗi da ƙadangaru, waɗanda Gadu ya sha rushe wa ramuka, bayan ta tabbatar musu cewa su ko loma ba su kai ba. A tsakiyar layin kuma ga Mesa, ta miƙe samɓal tun daga gindin gawo har bakin suri.

Barewa ta sake duban nata layin. Ta tuna cewa rani na tafe, kuma tafki ɗaya ne a dajin. Daga can layin Gadu, Kunkuru ya yi mata wani kallo da ya fi zagi ciwo.

Dattawa sun ɗauko igiya ke nan sai Jimina ta ce a dakata. Ta ce bisa al'adar asali, ba a awo sai an jero sunayen shugabannin da suka shuɗe, kowane da kirarinsa. Gaskiya ta faɗa. An daina yin hakan ne don yana cinye yini, amma ba wanda ya taɓa soke shi. Da yake ita kaɗai ta san sunayen, dole aka ba ta fili.

"A taƙaita, Yaya Jimina," in ji Kura, idonta a gaba. "Wasunmu ba su karya ba."

Jimina ta miƙe wuya, ta lumshe ido, ta fara daga shugaban farko. Gadu ya kwanta inda yake, ya yi barci.

Rana ta take. 'Yan layin Gadu da na Jimina suka ji yunwa, suka sunkuya suka ci ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. 'Yan layin Kura ma suka ji yunwa, suka duba, ba su ga komai ba sai 'yan jam'iyya.

Da fari wani kwaɗo ne ya ɓace, aka ce wataƙila ya zaga ne. Daga nan ƙadangaru suka fara raguwa. Can sai Mesa ta haɗiye ɓeran da ke gabanta, ta ƙara da na gabansa, sannan ta yi abin da kowace mesa ke yi in ta ƙoshi: ta naɗe jikinta kamar gammo, ta kama barci. Nan take rabin layin ya tafi.

Kura tana jin ƙarar ƙashi a bayanta, tana jin ƙamshi. A gaskiya ta yi ƙoƙari. Barewa ta zuba wa ƙeyar Kura ido, ta ga tana rawa, ta ga kunnuwan sun juya baya.

"Ku rage mini!" in ji Kura, ta waiwaya.

Dattawa suka yi awo cikin hanzari. Sai da aka tashi Gadu daga barci kafin aka gaya masa ya ci. Jimina ta zo ta biyu cikin 'yan takara biyun da suka rage, amma ba ta sani ba tukuna, domin tana kan kirarin wani shugaba da aka yi kafin a haifi gawon. Da ta kai ƙarshe ta buɗe ido, tana jiran tafi, sai ta tarar da fili fayau. Kunkuru kaɗai ya rage, shi ma yana kan hanyar tafiya ne.

Kowa yana bakin tafki. Barewa ta sunkuya ta sha, ta sha. Kura tana gefe, ta yi mata sannu da ƙyar.

Da Kunkuru ya iso, ya ce, "'Yar nan, ya aƙida?"

"Tana nan, Baba. Ƙishi ne ya ɗan sha gabanta."

Darasin wannan labari, yara, shi ne: riƙo da aƙida abu ne mai kyau, biyayya ga jam'iyya ma ba laifi, amma kafin ka tsaya bayan kowa, ka dubi wanda zai ci in layinka ya gaza, domin ba kowace shekara Kura ke waiwaye ba. Kwaɗayi ya raba Kura da mulki, girman kai ya bar Jimina tana wa iska jawabi, ko da yake har yau tana cewa ita ta ceci dajin, kuma abin haushin, ba ƙarya take yi ba. Shi kuwa Gadu ya gama wa'adinsa bai taɓa dokar tafki ba. Har ya sauka bai san da ita ba.