Jatau Mai Haƙa Kabari da Kujerar Makka

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, a zamanin da ya wuce. Sunansa Jatau. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, ba shi da sarauta ko ta unguwa. Sana'arsa haƙa kabari. Diga ɗaya gare shi da shebur ɗaya, sai matarsa Delu mai sayar da daddawa. Shekara talatin yana wannan aiki, kuma shekara talatin ɗin nan burinsa guda ne: ya ga Ka'aba da idonsa kafin a sa shi a irin ramin da yake haƙa wa mutane.

To sai siyasa ta shigo garin. Ku saurara da kyau, don abin da zan faɗa ba baƙonku ba ne. Gari ya rabu biyu, masu alamar tulu da masu alamar kwando. Tun ana raha, ana zolayar juna a majalisa, har abin ya kai ɗan Tulu ba ya sayen nama wurin mahauci ɗan Kwando. Wa da ƙane suka daina gaisawa. A masallaci mutum sai ya leƙa ya ga wa ke gefensa kafin ya tayar da kabbara.

Kada ku ce Jatau ba shi da ra'ayi. Yana da shi. Ɗan Tulu ne, kuma ya bi layi ya dangwala musu. Shi ya sa wani maƙwabcinsa, Barmo, wanda shi ne mai riƙe lasifikar 'yan Kwando, ya taɓa kama sunansa a taro ya ce, "Ku dube su, har da mai cin abinci da mutuwar mutane a cikinsu!" Aka yi dariya. Maganar ta kai kunnen Jatau, ta zauna masa a ƙirji.

Aka yi zaɓe, Tulu ta ci. Rikici ya tashi, aka ƙona rumfuna, mazan Kwando suka watse zuwa ƙauyuka. Barmo kaɗai ya rage a unguwar, don matarsa Hansai tana kwance ba lafiya, ba ta ɗaukuwa. Ana cikin haka shugaban jam'iyya na garin, Alhaji Namadi, ya kira Jatau ya ce, "An ba mu kujerun Makka, na sa sunanka. Bana za ka sauke farali." Jatau ya durƙusa ya yi ta kuka kamar yaro. Delu kuwa tun ranar ta fara daka masa yaji da kuka na guzuri.

Ba a yi sati biyu ba, wata safiya cikin bazara, aka yi sallama a ƙofar Jatau. Ya fito ya ga Barmo tsaye, ya rame, riƙe da karan dawa da ya auna tsawon mamaciya. Bakin nan mai cika gari da lasifika ya kasa ɗaga murya.

Ya ce, "Malam Jatau, Hansai ta cika da asuba. Na zaga gida biyar, ba wanda ya fito. Na san abin da na faɗa a kanka. Ka taimaka, ba don ni ba."

Jatau ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta. Kawo karan."

Ya saɓa diga ya kama hanya. Bai kai maƙabarta ba motar Alhaji Namadi ta sha gabansa. Alhaji ya sauke gilashi ya ce, "Jatau, ina zuwa? Mutanen nan su suka ƙone min shago. Bari 'yan'uwansa su dawo su binne masa. In ka sara ƙasar nan, ka sani akwai masu jiran kujerarka."

Jama'a, ku sa kanku a matsayinsa. Shekara talatin! Jatau ya tsaya. Zuciya ta ce masa, ai ba kai kaɗai ne mai diga a garin nan ba. Ta ce masa, wanda ya zage ka ne fa. Ya dubi karan da ke hannunsa, ya ga ashe Hansai 'yar gajeruwa ce, ciwo ma ya ƙara cinye ta. Ga rana tana ɗagawa, ga zafi, gawa ba ta jira.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode da alherinka, Allah ya sani ina son tafiyar nan. Amma in na je ɗakin Allah, na bar baiwarsa kwance a tabarma tana jiran rami, da wane baki zan yi masa Labbaika?"

Alhaji ya ɗaga gilashi, mota ta wuce.

Ƙasar bazara kun san ta, kamar dutse. Aikin mutum huɗu ne, Jatau ya kama shi kaɗai. Yana sara yana hawaye, ba na Hansai kaɗai ba, har da na kujerarsa. Kada wani ya ce muku mutanen kirki ba sa jin zafin abin da suka rasa. Suna ji. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe. Can wajen hantsi sai ga Delu da tulun ruwa a ka, ta ajiye a bakin maƙabarta. Ta riga ta ji labari. Idonta ya yi ja, amma abin da ta ce kawai shi ne, "Sha ruwa, Malam. Ni zan je in yi mata wanka."

Ganin Delu ta shiga gidan Barmo, mata biyu suka yafa mayafi suka bi ta. Ganin mata sun shiga, kunya ta kama maza. Liman ya fito. Mahauci ya fito. Mutum tara suka sallaci Hansai, takwas daga cikinsu 'yan Tulu. Da aka gama rufe ta, Barmo ya kama hannun Jatau mai jini, ya kifa goshinsa a kai. Jatau ya ce, "Tashi, maƙwabci. Na yafe tun kafin ka zo."

Kujera kuwa an ba wani. Jatau bai je Makka ba, ba a shekarar ba, ba a ta gaba ba, har ya koma ga Ubangijinsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce wani attajiri ya zo ya biya masa ba. Amma garuruwan da ke kewaye da su sai da rigima ta kai su ga raba maƙabarta, kowane ɓangare da tasa. Garin su Jatau ba a raba ba.

Bayan shekaru wata malama daga jami'a ta zo garin tana bincike a kan yadda siyasa ke raba kan mutane. Tana bi gida gida da takarda tana tambaya: za ka ci abinci kwano ɗaya da ɗan wancan ɓangaren? Za ka je ta'aziyyarsa? Kowa ta tambaya sai ya ce ta je ta ga tsoho Jatau. Ta same shi a zaure, shi da Barmo suna cin ɗanwake. Ta ce, "Baba, ka bar jam'iyyarka ne?" Ya yi dariya ya ce, "Ina! Har gobe muna musu da wannan mai taurin kan. Amma 'yata, na auna dubban mutane da kara, ban taɓa ganin wanda ya zo da katin jam'iyya a likkafani ba."

To jama'a, ga darasin a fili. Ra'ayi halal ne, zaɓe haƙƙinka ne, ka yi musu in kana so. Amma haƙƙin maƙwabci, da na mara lafiya, da na mamaci, Allah ne ya ɗora maka, ba jam'iyya ba, kuma ba jam'iyyar da za ta sauke maka shi. Yau a cikinmu akwai wanda ya goge lambar ƙanensa daga waya saboda ɗan takara. Akwai wanda ya ji rasuwa a gidan maƙwabci ya fara tambayar wa suka zaɓa. Wanda kuke faɗa dominsa bai san sunanka ba, kuma ba shi zai ɗauki makararka ba. Wanda ka daina gaisarwa, shi zai ɗauka. Kafin rana ta faɗi yau, ka je ka yi masa sallama. Allah ya haɗa kanmu, ya sa mu cika da kyau da imani.